Sani Kaɗai Ba Ya Gina Masai

A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili, bayan an tantance ƙananan hukumominta 27, har da Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin labarin gine-gine: an haƙa rami, an yi daɓe, shi ke nan. Alhali haƙa rami aikin kwana biyu ne. Babban aikin shi ne raba dattijon da ya shekara sittin yana ɗaukar buta ya nufi bayan gari da wannan hanyar tasa. Hausawa na cewa hali zanen dutse, amma masana a fannoni daban-daban sun daɗe suna binciken yadda zanen ke gogewa, kuma ba su taɓa haɗuwa a kan amsa ɗaya ba.

Ma'aikatan lafiya ne suka fara, da tunanin cewa idan mutum ya san haɗari zai guje shi. A kan wannan aka gina yawancin faɗakarwar da muke ji a rediyo. Tana da amfani, sai dai ƙarfinta gajere ne. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Da wuya a sami magidancin da bai san ƙuda na kwaso ƙazanta ya sauka a kan tuwo ba. Ya sani, gobe kuma zai koma inda ya saba.

Masana halayyar ɗan Adam sun bayyana dalili. Al'ada ba ta neman shawarar zuciya. Lokaci da wuri ne ke tayar da ita. An idar da sallar asuba, gari bai waye ba, ga buta a hannu, ƙafa ta san hanya. A 2009 Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka bi mutum 96 da ke ƙoƙarin koyon sabuwar ɗabi'a, suka ga a tsaka-tsaki sai ta kai kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. Wannan ya isa ya nuna cewa taron yini ɗaya a ƙofar dagaci ba zai gama aiki ba. Dole wani ya riƙa komawa gida-gida watanni bayan an naɗe tabarmi.

Dabarar da aka fi amfani da ita a ƙauyukan Jigawa daga Bangaladesh ta samo asali. Wajen shekarar 2000 wani masanin raya karkara ɗan Indiya, Kamal Kar, ya lura cewa masan da ƙungiyoyi ke gina wa mutane kyauta sukan koma ɗakin ajiya ko akurkin kaji. Sai ya daina ba da ko kwabo. Yakan tara mutanen gari, ya ce su kai shi inda suke zagayawa, a tsaya a wurin ana hira kamar ba komai. A zana taswirar gari a ƙasa, kowa ya nuna gidansa da inda iyalinsa ke zuwa, a lissafa yawan ƙazantar da ake zubarwa a shekara, a tambaya ina take tafiya idan ruwan sama ya sauka. Daga nan a taɓa kashi da silin gashi, a tsoma a kofin ruwa, a miƙa wa jama'a. Ruwan garai-garai yake, amma babu mai karɓa. A nan ne mutane ke gane wa kansu abin da suke sha kullum.

Babu darasin ƙwayoyin cuta a cikin wannan. Ƙyama ce da kunya, sai kuma abin da masana zamantakewa suka fi jaddadawa: mutum yana yin abin da yake ganin maƙwabta na yi, kuma yake jin suna sa ran zai yi. Idan gida tara cikin goma sun yi masai, na goman ba ya bukatar duba-gari. A ƙasar Gumel wannan igiya tana da kauri, domin akwai mai unguwa da dagaci da hakimi, akwai kuma liman da zai tuna wa jama'a cewa addini ya hana biyan bukata a kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Ni dai ina da ja a wuri ɗaya. Kunya makami ne mai kaifi biyu, takan fi yankar gwauruwa da tsoho marar mai haƙa masa rami, waɗanda talauci ne ya hana su, ba taurin kai ba. Garin da ya san abin da yake yi, gayya yake kira ya gina musu.

Masana tattalin arziki kuwa ƙananan wahalhalu suke kallo. A Udaipur ta Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, sun ga cewa kawo allurar rigakafi kusa da gida ya kai yaran da aka kammala wa allura zuwa kashi 18 cikin 100, amma da aka haɗa da kilo ɗaya na wani nau'in wake a duk zuwa, sai adadin ya kai kashi 39. Iyayen ba ƙin allurar suke ba, gobe-gobe ce ke cin su. Magini shi ma yana da tasa: a ƙasa mai yashi irin ta arewacin Jigawa, ramin da ba a ɗaure bakinsa da bulo ko tsohuwar taya ba yakan rufta da damina, kuma wanda masansa ya rufta sau biyu ba wa'azi yake nema ba.

Inda duk waɗannan dabaru ke gamuwa da jarrabawa shi ne kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Fatake da dillalai da makiyaya daga Nijar, direbobin tirela masu lodin shanu zuwa Kudu, mata masu abinci, da yawansu tun Laraba suke sauka. Baƙon da zai bar gari gobe ba ya jin kunyar mai unguwar da bai san shi ba. Wani bincike da aka yi da ƙungiyar WaterAid a jihohin Ekiti da Inugu ya nuna irin wannan: dabarar Kamal Kar ta yi tasiri a ƙauyuka matalauta, ba ta yi wani abin kirki ba a garuruwan da suka fi wadata. Saboda haka a kara da tashar mota sai a koma ga maganar magini da mai lissafi: ban-ɗakin ya kasance kusa da inda ake ciniki, da ruwa a ciki, da ɓangaren mata daban, da fitila saboda masu kwana, da mai wanke shi da ake biya a kan kari daga kuɗin shigar kasuwa, kuma kuɗin shiga ban-ɗakin kada ya kai yadda mai jan akuya ɗaya zai tsaya yana tunani.