Wa Ya Tabbatar Yaron Ya Isa Sakin Kare?

Da zarar kaka ta wuce ciyawa ta bushe, mai sammako a Kakuri ko Makera ko Nasarawa kan ci karo da ayarin samari, kowanne da kare a igiya da gora a kafaɗa, suna jiran motar da za ta fita da su farauta ta hanyar Kachia. Wasunsu ko gemu bai tsiro musu ba.

A da, manya ne ke yanke hukuncin ko yaro ya isa. Yakan fara da riƙon kare da ɗaukar goran ruwa, ya daɗe yana bin ubangidansa kafin a yarje masa ya saki kare da kansa. A nan yake koyon bambance sawun gada da na barewa, ya san cewa gadun da aka rutsa kan juyo ya farke kare da haurensa, beguwa kuma ta bar masa ƙaya a fuska. Mafi muhimmanci, yana koyon wanda ke da nama idan karnuka biyu suka kama zomo ɗaya, domin wannan gardama ta sha zubar da jini tsakanin mafarauta.

Yau, a ganina, kirari da maganin tauri sun maye gurbin wannan horo, alhali dawan ya fi na jiya haɗari. Dazuzzukan Birnin Gwari da Chikun da Kajuru sun yi shekaru suna ɓoye 'yan bindiga. Hanya ma ba ta tsira ba: a ƙarshen watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar zuwa Kano daga Fatakwal domin Sallah, bayan an ga bindigoginsu na gargajiya. Laifin na makasan ne kaɗai. Sai dai ya nuna cewa mafarauci na buƙatar shaidar da hukuma za ta tsaya a bayanta.

A Amurka, inda wasu jihohi ke barin farautar dabbar beyar da karnuka, matashi ba ya samun lasisi a yawancin jihohi sai ya halarci darasin farauta ya ci jarrabawa. Jihar New York ce ta fara tilasta hakan a 1949. Mu ba mu da beyar, amma muna da ciwon haukan kare, da zazzaɓin Lasa da ɓeraye ke yaɗawa, da dokar 1985 mai kare namun da ke fuskantar ƙarewa, wadda da wuya a samu yaro a ayarin da ya taɓa jin sunanta.

Ba sai an gina makaranta ba. Sarakunan dawa da shugabannin mafarauta na unguwanninmu su zauna da gwamnatin jiha su tsayar da sharuɗɗa: mafi ƙarancin shekaru, daminar nawa da rani nawa yaro zai yi yana bin babba, allurar rigakafi ga kowane kare, yardar iyaye, da katin shaida. Wanda bai cika su ba ya ci gaba da riƙon goran ruwa har baɗi.