Kare da Mai Sallama

A unguwar Briqueterie ta Yawunde, inda Hausawan Kamaru suka daɗe da zama, gidaje a matse suke, baƙi kuma ba sa yankewa. Mutum yakan ajiye kare saboda ɓarayi, amma kare bai san bambancin ɓarawo da suruki ba. Kowa ya yi sallama sai ya yi masa haushi, har 'yan'uwa su fara ƙaurace wa gidan. Ɗalibai su lura: haushin kare da haushin zuciya rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Maigida kam yakan gamu da duka biyun.

Sau da yawa tsoro ne ke sa kare haushi, ba mugunta ba. In an daka masa tsawa, gani yake taya shi ake yi. Duka kuwa ƙara masa tsoron baƙo yake. Gara a ɗaure shi nesa da ƙofa, a sa wani ya yi sallama daga waje. Da zarar ya yi shiru, a jefa masa guntun nama, ba tsiren unguwar mai yaji ba. A maimaita kullum, mai sallamar yana matsowa kaɗan-kaɗan. Yakan ɗauki makonni, kuma kada a sa yaro ko mai tsoron kare wannan aiki.