Girkin Dare Ba Nama: Abin da Ilimin Halitta Ya Gano Game da Hatsi da Wake

A yawancin gidajen ma'aikata da malaman makaranta, girkin dare shi ne ya fi kowanne wahala. Mai girkin, ko uwargida ce da ta wuni a aji ko a asibiti, ko kuwa ɗalibi ne da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya, yakan iso gida gab da magariba jiki duk ya mutu, ga ciki yana kira. Nama kuwa yana son kuɗi, yana kuma son lokaci, domin tsokar sa ko ta tunkiya ba ta yin laushi sai ta sha wuta. Saboda haka sau da yawa akan ɗora tukunyar da babu nama a cikinta, a ci, a kwanta da zargin kai cewa an tauye wa iyali abinci mai gina jiki. Ilimin halitta bai goyi bayan wannan zargi ba, in ban da a wuri guda, wanda bayaninsa zai zo nan gaba.

A Turai da Amurka akwai mutanen da suka bar cin duk abin da ya fito daga dabba da gangan, wato nama da kifi da ƙwai da madara, har ma da zuma. A shekarar 1944 wani ɗan Ingila mai suna Donald Watson da abokansa suka laƙaba wa irin wannan cima sunan vegan, suka kuma kafa ƙungiya dominta. Littattafan girki da ake rubuta wa irin waɗannan mutane kusan duk abu ɗaya suke koyarwa: a haɗa hatsi da dangin wake da ganye. Wannan kuwa tsohon abu ne a wurare da yawa na duniya. Mutanen Indiya suna cin shinkafa da miyar wake da suke kira dal, na Meziko suna haɗa masara da wake, Kiristocin Habasha kuma suna barin nama da madara a ranakun azuminsu na Laraba da Juma'a. Shinkafa da waken da ake sayarwa a titunan Ankara da Kumasi da sunan waakye, daga kalmar Hausa ta wake sunan ya samo asali.

Dalilin haɗa hatsi da wake

Sinadarin da ke gina tsoka da jini da fata shi ne furotin, shi kuwa an ƙera shi ne da ƙananan tubala iri 20 da ake kira amino asid. Jikin ɗan Adam yana iya haɗa 11 daga cikinsu da kansa, sauran 9 dole sai daga abinci. Hatsi, kamar gero da dawa da masara da shinkafa, yana da ƙarancin ɗaya daga cikin taran nan mai suna laisin. Wake yana da laisin a wadace, amma yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Idan suka haɗu, kowanne ya toshe giɓin ɗan'uwansa.

Baligi mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin kimanin giram 50 a rana. Busasshen wake giram 100 yana ɗauke da kusan giram 24, gyaɗa wajen giram 25, waken suya kuwa ya kai giram 36, alhali ɗanyar shinkafa ba ta wuce giram 7 ba. Ke nan kwanon garau-garau da aka zuba wa wake da hannu sake zai iya biyan kaso mai tsoka na bukatar wuni guda. Inda ake kuskure shi ne a cika tukunya da shinkafa a yayyafa wake kamar ado. Ya kamata wake ya kai sulusin abin da aka auna.

A da an ɗauka cewa lalle sai an ci hatsi da wake a kwano ɗaya. Wata marubuciya 'yar Amurka, Frances Moore Lappé, ita ta yaɗa wannan ra'ayi a littafinta na 1971, amma a bugun 1981 ta janye shi. Jiki yana riƙe amino asid na ɗan lokaci, don haka wanda ya ci ƙosai da safe, ya ci tuwon masara da dare, ya riga ya yi haɗin.

Me ya sa wake ke jinkirin nuna?

Babban abin da ke hana gajiyayyen mai girki ɗora wake da dare shi ne daɗewarsa a wuta. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙwayar wake suna manne da juna ne da wani abu mai kama da ƙaro, sunansa fektin. Nunar wake ba komai ba ce illa shigar ruwa cikin ƙwayar da narkewar wannan ƙaro. Duk abin da ya saukaka waɗannan biyu ya rage lokacin girki.

Na farko shi ne jiƙo. Wanda ya zuba wake a ruwa da safe kafin ya fita aiki, ya dawo ya tarar da shi ya kumbura, ya rage kusan rabin lokacin dahuwa, ya kuma rage itace ko gas. A lokacin zafi kada jiƙon ya wuce awa takwas, don kada ya yi tsami. Zubar da ruwan jiƙon yana da wata fa'ida. Wake yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari, rafinos da sitakiyos, waɗanda hanjin ɗan Adam ba shi da sinadarin narkar da su. Sai su wuce zuwa babban hanji, bakteriyar da ke can su ci, su fitar da iska. Wannan shi ne asalin kumburin cikin da ya ɓata wa wake suna. Wani ɓangare na sukarin yana fita cikin ruwan jiƙo, kuma wanda ya saba cin wake a kai a kai damuwar takan ragu masa.

Na biyu shi ne abin da aka zuba a tukunya. Tsami yana ƙarfafa fektin, saboda haka wanda ya zuba tumatir ko tsamiya kafin wake ya yi laushi ya ja wa kansa zaman jira. Ruwan rijiya mai gartsi, wanda ke ɗauke da kalsiyam da yawa, shi ma haka yake yi. Gishiri kuwa, saɓanin abin da ake yawan faɗa, ba ya taurara wake. Ɗan kaɗan a ruwan jiƙo yana ma taimakawa. Kanwa tana narkar da fektin nan da nan, shi ya sa iyaye mata suka daɗe da riƙonta. Sai dai tana lalata bitamin B1, wanda jijiyoyi ke bukata, kuma tana ƙara wa abinci sodiyam, abin da mai hawan jini ke gudu. Ɗan ƙanƙanin gutsure ya isa, wanda ya jiƙa wakensa kuwa ba ya bukatarta. Tsohon waken da ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima yakan taurare har ya gagari wuta, wannan ba laifin mai girki ba ne. Mai halin sayen tukunyar matsi, wadda ruwa ke kaiwa zafin digiri 120 a cikinta maimakon 100, zai dafa wake cikin kimanin minti 15.

Abincin rabin awa

Ɗanwake shi ne sarkin gaggawa, muddin akwai garinsa a ajiye. Niƙa ta riga ta farfasa ƙwayar waken, don haka da an kwaɓa garin da kuka da ɗan ruwan kanwa, an jefa cikin tafasasshen ruwa, minti 10 zuwa 15 ya wadatar. Yauƙin kuka shi ke riƙe curin kada ya watse. A zuba man gyaɗa da yaji, a yanka tumatir da albasa da kabeji, an gama.

Kwaɗon zogale bai fi shi wuya ba: a tafasa ganyen, a tsane, a cakuɗa da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Ƙuli-ƙuli gyaɗa ce da aka matse mata mai, don haka furotin ɗinta ya ƙara taruwa. Idan aka haɗa kwaɗon da dambu ko ɗan garin rogo, abinci ya cika. A dai kula da irin gyaɗar da aka saya, domin wadda ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai cutar da hanta, kuma dahuwa ba ta kawar da ita. Awara, wadda ake yi da madarar waken suya, ana samunta a soye a kusan kowace unguwa. A yanka ta cikin miyar tumatir da alayyahu, a ci da shinkafa ko taliya. Akwai kuma faten wake da dankalin Hausa, da miyar taushe ta kabewa da gyaɗa.

Mai tsoron kada miya ta yi salam saboda rashin nama, daddawa ce maganinsa. A shekarar 1908 wani masanin kimiyya na Jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano cewa ɗanɗanon da ke sa romo daɗi daga wani amino asid yake fitowa mai suna gulutamet. Lokacin da ake rufe dafaffiyar kalwa ta kwana biyu ko uku, bakteriya ce ke farfasa furotin ɗinta, ta saki wannan gulutamet. Shi ya sa miyar kuka da ta ji daddawa ba ta neman ƙashi.

Sinadarin ƙarfe da bitamin B12

Sinadarin ƙarfe, wanda jini ke ɗaukar iska da shi, yana nan a wake da ganye, amma hanji ba ya tsotse shi da sauƙi kamar na nama. Bitamin C yana ƙara yawan abin da ake tsotsa, saboda haka ɗanyen tumatir da tattasai a kan garau-garau, ko matsin lemun tsami, ko gwaiba bayan cin abinci, suna da aiki na gaske. Shayi yana yin akasin haka. Wanda ya saba korawa da shayi ya jinkirta shi da awa guda, musamman 'yan mata da masu juna biyu, waɗanda ƙarancin jini ya fi kamawa. Man gyaɗa ko manja a kan ganye shi ma dole ne, domin sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A a cikin mai yake narkewa.

Wurin da tsirrai suka gaza shi ne bitamin B12. Bakteriya kaɗai ke yin sa, dabbobi su tara a jikinsu, ɗan Adam ya samu daga nama da hanta da kifi da ƙwai da nono. Bukatar baligi kaɗan ce ƙwarai, kimanin maikurogiram 2.4 a rana, kuma hanta tana ajiye abin da zai kai shekaru. A nan haɗarin yake, domin rashinsa ba ya bayyana da wuri. Sannu a hankali sai kasala ta shigo, jini ya yi ƙaranci, mutum ya riƙa jin kamar ana tsira masa allura a tafin ƙafa, mantuwa ta yawaita. Idan aka yi sakaci, lalacewar jijiya tana iya zama ta dindindin. Zogale, duk da yabon da yake sha, ba ya maganin wannan, daddawa ma ba abin dogaro ba ce a nan.

Gidan da ke girkin dare ba nama amma ana shan fura da nono da rana, ko ana cin ƙwai da busasshen kifi a kai a kai, yana samun B12 ta wannan hanya. Wanda ya bar duk abin da ya fito daga dabba baki ɗaya, da niyya ko don rashin hali, lalle ne ya nemi ƙwayar B12 ta hannun likita. Wannan ya fi zama wajibi ga mai ciki da mai shayarwa, domin jaririn da ke shan nonon uwar da ba ta da bitamin ɗin ba shi da ajiyar da zai jingina da ita, kuma alamun sukan bayyana a jikinsa tun bai cika shekara ba.