Takardar Izini Ba Ta Isa Ba, Sai An Bi Sawu

Niyu Zilan ƙasa ce ta tsibirai a cikin tekun Fasifik, kudu maso gabas da Ostireliya. Mutanenta sun ɗan wuce miliyan 5. Kiwo shi ne babban arzikin karkararta. Tana da shanun tatsa kusan miliyan 6, tumakinta kuwa sun haura miliyan 20. Dabbobi masu yawa haka suna buƙatar ruwa mai yawa. Kashinsu da fitsarinsu kuma na iya ɓata koguna da rijiyoyi. Don haka ƙasar ta tsara hanyar kula da ruwanta.

Majalisun Yanki

A shekarar 1989 aka kafa majalisun yanki a ƙasar. Jama'a ne ke zaɓen wakilansu. An shata yawancin iyakokinsu bisa yadda koguna suke gudu, domin kogi ɗaya ya kasance a hannun hukuma ɗaya, daga mafarinsa har inda ya faɗa teku. A shekarar 1991 aka yi dokar kula da albarkatun ƙasa. Dokar ta ɗora wa majalisun nauyin kula da ruwa, da iska, da ƙasar noma, da bakin teku.

Mece Ce Takardar Izini?

A ƙarƙashin wannan doka, ɗiban ruwan sha na gida da na dabbobi ba ya buƙatar izini, muddin bai jawo illa ba. Amma mai son jan ruwa da yawa don ban ruwa, ko mai masana'antar da ke zubar da ƙazamin ruwa, sai ya nemi takardar izini. Takardar ruwa tana da wa'adi, kuma ba ta wuce shekara 35.

Kowace takarda tana ɗauke da sharuɗɗa. Ana rubuta yawan ruwan da za a ɗiba. Ana rubuta cewa idan kogi ya ja baya zuwa wani ma'auni, sai a rage ɗiba ko a dakata. Mai shanun tatsa kuwa dole ya tara ruwan wankin garke a kududdufin da ba ya yoyo. Daga nan yake yayyafa shi a gona a matsayin taki, ba tare da ya gangara rafi ba.

Yadda Ake Bin Sawu

Majalisa tana da jami'an sa ido. Aikinsu ya yi kama da na duba-gari. Suna iya zuwa gona ba tare da sanarwa ba, su nuna shaidar aikinsu, su duba kududdufi da bututu, su ɗebi ruwa a kwalba don a auna. Galibi mai takarda ne ke biyan kuɗin wannan bincike.

Akwai kuma mita. Dokar da aka yi a 2010 ta wajabta wa mai izinin jan lita 5 ko fiye a kowace daƙiƙa ya sa mita a bututunsa. A 2020 aka ƙara cewa mitar ta riƙa aunawa duk bayan minti 15, a kuma aika wa majalisa lissafin ta na'ura. Bayan haka, duk wanda ya ga rafi ya canja launi, ko ya ga matattun kifaye, yana iya buga wa majalisa waya, dare ko rana.

Hukunci yana tafiya mataki-mataki. Ƙaramin laifi, takardar gargaɗi. Sai umarnin a daina ko a gyara. Sai tara. Babban laifi kuwa, kotu. A 2025 an ƙara tarar da kotu ke iya yankewa zuwa dala miliyan 1 na kuɗin ƙasar ga mutum ɗaya, da dala miliyan 10 ga kamfani.

Abin Da Sakaci Ya Jawo

A watan Agusta na 2016, gudawa da amai suka ɓarke a garin Havelock North, mai mutane kimanin 14,000. Fiye da mutum 5,000 suka kamu, kuma an danganta mutuwar wasu da cutar. Bincike ya nuna cewa ruwan sama mai ƙarfi ne ya wanko kashin tumaki zuwa wani kududdufi. Daga nan ƙwayar cuta ta shiga rijiyar burtsatse da ke bai wa garin ruwan famfo.

Rijiyar tana da takardar izini. Amma kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya bayyana a 2017 cewa majalisar yankin ba ta bi sawun sharuɗɗan takardar yadda ya kamata ba. Ya kuma ga laifin ƙaramar hukumar da ke da rijiyar. Wato takarda tana nan a ofis, amma idon da zai tsare ta ya yi barci.

A watan Disamba na 2025 gwamnatin ƙasar ta kai wa majalisar dokoki sababbin ƙudurori don maye gurbin dokar 1991. Kowane suna aka ba sabuwar doka, buƙatar nan tana nan: a rubuta sharaɗi, a auna, a je a gani da ido. Wanda ke saman kogi shi ke fara sha, amma na ƙasa shi ke shan abin da aka zubo. Rigakafi ya fi magani.