Yadda Dafaffen Ƙwai Ke Tsufar Da Azurfa

Baƙin da ke kwance cikin zanen zoben azurfa ba datti ba ne. Haɗuwar azurfa da farar wuta ke haifar da shi, shi ne kuma ke fito da aikin maƙeri fili. Ana iya samar da shi a gida: a wanke zoben da sabulu, a farfasa dafaffen ƙwai da zafinsa, a rufe su cikin mazubi ɗaya ba tare da sun taɓa juna ba. Cikin 'yan sa'o'i launin zai juya. Sai a goge saman zanen da ƙyalle mai laushi, baƙin ya zauna a lunguna. A fara duba hatimin 925, wato azurfa kashi 92.5 cikin 100, domin guga na iya cinye rufin abin da aka shafa wa azurfa kawai.