Motar Da Ke Yin Sanyi A Kan Tudu Alhali Da Mai A Tankinta

A watan Mayun 2016 wasu masu motar BMW i3 suka kai kamfanin ƙara a wata kotun tarayya da ke Los Anjalis. Sun ce mutum yana cikin sharara gudu a kan babban titi, da ya fara hawan dogon tudu sai motar ta yi sanyi, ta sauko zuwa kimanin kilomita 72 a awa, ko da ya danne totur har ƙasa. Ga manyan motoci a bayansa suna tahowa a guje. Kuma a daidai lokacin akwai fetur a tanki, injin yana ta ruri, babu abin da ya lalace. To, ina ƙarfin ya tafi?

Makaniki zai fara zargin giya ko kuloci, ya ce injin na juyawa amma ƙarfinsa ba ya kaiwa taya. Gaskiyarsa, ba ya kaiwa, sai dai haka aka ƙera motar da gangan. Ita i3 ta fito a 2013 iri biyu. Ɗaya lantarki zalla ce, batir ya ƙare tafiya ta ƙare. Ɗayar kuma, wadda ake kira REx, an cusa mata wani ɗan injin fetur mai silinda biyu a ƙarƙashin but, irin na wani babur da kamfanin ke sayarwa a lokacin. Babu wani ƙarfe da ya haɗa shi da taya. Aikinsa kawai ya juya janareta ya samar da wuta, injin lantarki ne kaɗai ke tura motar. Nan ta bambanta da motoci masu ruwa biyu irin Toyota Prius, wadda ta fito a Japan a 1997, domin a can injin fetur da kansa yana sa hannu wajen juya taya.

Da an gane haka, sai a koma kan lissafi. Injin lantarkin i3 yana iya jan kilowat 125. Ɗan injin fetur ɗin kuwa iyakarsa kimanin kilowat 25. A titi shimfiɗaɗɗe, da matsakaicin gudu, wannan ya wadatar. Amma a ɗauki mota da mutanen cikinta a kan kilo 1,400, tana gudun kilomita 110 a awa, a tudun da ke tashi mita 6 a kowace mita 100. Ɗaga nauyin nan kaɗai zai cinye kilowat 25 ɗin kakaf, ba a ma zo kan keta iska da gogayyar taya ba. Sauran dole batir ya cike. Kamar randa ce ana zuba mata ruwa da moɗa, ana ɗiba da guga: muddin da sauran ruwa a ciki ba wanda zai lura, da ta kai ƙasa sai kowa ya dawo jiran moɗa.

A nan mutum zai so ya rufe fayil, ya ce injin ne ya yi ƙanƙanta. Amma akwai abin da bai zauna ba. Motar da aka sayar a Jamus da Ingila injinta ɗaya da ta Amurka, batirinsu ɗaya, masana'anta ɗaya ce a Leipzig ta ƙera su, kuma Turai ba ta rasa tsaunuka ba. Me ya sa hayaniyar ta fi tashi daga Amurka?

Amsar tana cikin allon da ke gaban direba. A motar Turai akwai zaɓin da direba zai latsa, da zarar cajin ya sauka ƙasa da kashi 75 cikin ɗari, ya tada injin fetur ya ce masa ya riƙe cajin a inda yake. Wanda ya san akwai tsauni a gabansa sai ya tada shi tun da wuri, ya iso gindin tudun da batir fiye da rabi. A motar Amurka an cire wannan zaɓin. Injin ba ya tashi sai caji ya kusa ƙarewa, wajen kashi 6 da rabi cikin ɗari. Abin da ake iya amfani da shi a batirin bai kai kilowat-awa 19 ba, saboda haka ragowar ba ta wuce kilowat-awa ɗaya da ɗoriya ba. A dogon hawa, mintuna kaɗan ne ta ƙare, daga nan motar ta dawo tafiya da abin da janareta ke bayarwa kawai.

Akwai kuma wata alama ta biyu da ta fi ta farko ban mamaki. Tankin motar Turai lita 9 ne, na Amurka lita 7.2 aka rubuta. Masu bin diddigi suka gano tankin ɗaya ne, manhajar motar ce ke hana shan ragowar man. Wasu masu motar ma sun riƙa shiga manhajar da kwamfuta suna buɗe tankin, suna dawo da zaɓin da aka ɓoye. Kamfanin da ya rage wa motarsa nisan tafiya da hannunsa, ai ruwa ba ya tsami banza.

Sawun ya kai ga hukumar kula da tsabtar iska ta jihar Kalifoniya. A 2012 ta ware wani rukuni na motocin lantarki masu ɗan injin taimako, ta ce za a ba kamfani maki a kansu kamar na motar lantarki zalla, makin da doka ta wajabta wa manyan kamfanonin mota su tara. Cikin sharuɗɗan akwai biyu: nisan da fetur zai ƙara kada ya wuce wanda batir ke bayarwa, kuma injin kada ya tashi sai batir ya ƙare. Na farko shi ya ƙuntata tanki, na biyu shi ya cire maɓalli. Manufar hukumar ba ta da laifi, tana tsoron a sayi motar da sunan lantarki a riƙa yawo da fetur. Amma a ganina wanda ya rubuta sharaɗi na biyun titin cikin gari yake hange, bai kawo tsauni a ransa ba. Chevrolet Volt, wadda ta fito a 2010 ba ta kuma shiga wannan rukunin ba, tana da maɓalli na musamman don hawan tsauni, aikinsa ya tanadi caji kafin a iso.

Hujjar da ta ƙarasa tabbatar da zancen ta zo a samfurin 2017. An ƙara girman batir zuwa kilowat-awa 33, nisan lantarki ya tashi daga kimanin kilomita 116 zuwa 156, sai ga tankin Amurka ya koma lita 9, tunda yanzu fetur ɗin ba zai zarce batir ba. Duk wanda ya ci karo da irin wannan mota cikin na hannu da ake shigowa da su ta Kwatano ko Legas, ya tambayi shekararta da kasuwar da aka ƙera ta dominta kafin ya tambayi kuɗi.

A Turai kamfanin ya daina sa ɗan injin tun da batir ya kai kilowat-awa 42, aka kuma daina ƙera i3 gaba ɗaya a 2022. Dabarar kuwa a ƙasar Sin ta samu gindin zama. Kamfanin Li Auto ya fara sayar da mota mai irin wannan dabara a 2019, samfurinsa L9 kuma yana ɗauke da injin mota sosai mai lita 1.5, da tanki mai lita 65, da batir da ya haura kilowat-awa 40. Injin L9 ɗin ma ba ya taɓa taya, amma direba ne ke zaɓar ko a fara da batir ko a fara da mai.