FENTA TSOHUWAR MOTA A GIDA DA GWANGWANIN FESHI

Jama'a, da wuya mutum ya ratsa tsofaffin unguwannin ma'aikata a Kaduna, ko Zariya, ko Kano, bai ga wata tsohuwar mota a gindin darbejiya ba, inji da sauran ƙarfinsa, amma rana ta cinye fentin. Galibi za a tarar Peugeot 504 ce, wadda mu ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa cikin 1968, aka soma haɗa ta a Kakuri ta Kaduna cikin 1975, aka kuwa yi kimanin shekara 30 ana haɗa ta a nan. Ita ce motar da iyayenmu da yawa, malaman ofis da malaman makaranta, suka ci bashin gwamnati suka saya. Yanzu an daina ƙera ta, saboda haka kowace ɗaya da ta lalace ta tafi ke nan, ba mai maye gurbinta.

To, mai albashi da ya gaji irin wannan mota ya kan je wurin masu fenti, in ya ji kuɗin sai jikinsa ya yi sanyi. A kan hanyar komowa sai ya ga gwangwanayen fentin feshi jere a kanti, ya ce a ransa, me zai hana in yi da kaina ran Asabar? Abin zai yiwu, waɗansu kuwa sun yi ya yi kyau. Amma sai mai karatu ya riƙe magana ɗaya tun daga nan: sabon fenti tona asirin jikin mota ya ke yi. Duk loɓawar da tsohon fenti mai duhu ya ɓoye, sabo mai ƙyalli zai nuna ta ga kowa. Mafi yawan aikin yana ƙarewa ne kafin a buɗe gwangwani na farko.

ASALIN GWANGWANIN

A farkon zamanin mota da buroshi a ke shafa fenti, shafi bisa shafi, mota ta kan yi makonni tana jiran bushewa. Kamfanin DuPont na Amurka ya fito da wani fenti mai saurin bushewa mai suna Duco, wanda a ke fesawa da bindigar iska, aka fara sa shi a motar Oakland ta 1924. Shi kuwa gwangwanin feshi, wani injiniya mutumin Norwe, Erik Rotheim, shi ya nemi a yi masa rajistar dabarar cikin 1926. Cikin 1949 Edward Seymour, a jihar Ilinoi ta Amurka, ya zuba fenti a cikin irin wannan gwangwani.

Abu uku ke ciki: fenti, da ruwan da ya tsinka shi, da gas mai turo shi waje. Ƙarar da a ke ji in an girgiza, ɗan ƙwallo ne aka sa domin ya dama launin da ya kwanta a ƙasa. Da ya ke ƙofar fitar 'yar ƙarama ce ƙwarai, tilas a tsinka fentin sosai, don haka abin da ya ke saura a jikin mota bayan ya bushe bai kai kaurin na bindigar masu sana'a ba. Faɗin feshin kuma bai wuce tafin hannu ba. Wannan shi ya sa gwangwani ya fi dacewa da ƙaramin wuri, babban fili kamar rufin mota kuwa ya kan fito layi-layi in hannu bai saba ba.

ABIN DUBAWA TUKUNA

Na farko, a tabbata motar tana bukatar fentin. Sau da yawa abin da ya dushe saman fenti ne kaɗai. A wanke murfin inji, a goge wuri kaɗan da man goge mota, a duba. In launi ya komo, sai a goge ta duka a bar ta haka. Masu sha'awar tsofaffin motoci a ƙasashen Turai da Amurka sun fi daraja mota mai fentinta na asali, ko da ya tsufa, bisa wadda aka yi wa sabon fenti maras kyau. Fentin asali kuwa in samfefa ta ci shi, ba ya komowa har abada.

Na biyu, a yi lissafi da alƙalami. Gwangwani mai mililita 400 ba ya wuce ƙofa ɗaya in za a yi mata shafi biyu ko uku. Fijo tana da ƙofa 4, da marufan taya 4, da murfin but, kana murfin inji da rufi kowanne zai ci biyu ko uku. Launi kaɗai ya tasam ma gwangwani 15 ke nan. A ƙara fentin shimfiɗa, watau wanda a ke fara sa wa ƙarfe, da samfefa, da salatif, da takunkumi, sai a ga an doshi gwangwani 30 da tarkacensu. A kwatanta jimlar da abin da mai fenti ya nema. In bambancin kaɗan ne, araha ba ta ado.

Na uku, a gwada. Ba kowane sabon fenti ke zama lafiya da tsoho ba, gama ruwan da ke cikin sabon ya kan cinye na ƙasa, ya tattare shi kamar fatar tsohuwa. A fesa kaɗan a wani lungu, kamar cikin murfin but, a bar shi ya kwana.

TUN RAN GINI RAN ZANE

Malaman makaranta sun sani darasin da ba a shirya shi da dare ba, ba ya gyaruwa a gaban allo. Haka fenti ya ke. A kwance bamba, da fitilu, da tambari, da madubi, a ajiye kusoshinsu a gwangwanin madara, kowanne da sunansa a rubuce. A wanke motar da omo har maiƙo ya fita sarai, gama fenti ba ya kama wurin da man goge ko gumin hannu ya taɓa. Gilashi da tayoyi a rufe su da takarda da salatif.

Sa'an nan a bi tsatsa. Wuraren da ta fi ɓuya su ne gindin ƙofofi, da kewayen gilashin gaba, da ƙasan but, da ƙarƙashin batir. A kankare ta har farin ƙarfe ya bayyana. Inda ta huda, sai mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe. Wanda ya cusa ƙullin cike loɓa a ramin tsatsa ya fenta, damina ɗaya ta isa ta kumbura masa wurin. Shi ƙullin nan amfaninsa cike 'yar loɓa ne kurum, a shafa shi siriri.

Samfefa lamba-lamba ce, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Ana cin tsatsa da 80, a daidaita ƙulli da 180, a bi jiki duka da 320. A naɗe ta a jikin ɗan katako mai shafaffen ciki, domin yatsu su kan bar kwari. Bayan an fesa fentin shimfiɗa ya bushe, ga wata dabara ta masu sana'a: a watsa baƙin fenti sama-sama kamar yayyafi, a bi shi da lamba 600 da ruwa. Duk inda baƙin ya maƙale bai fita ba, akwai loɓa a wurin, sai a koma a cike. Wannan koma-baya shi ke cin kwanaki, shi ne kuma bambancin aikin kirki da na ganin ido.

LOKACI DA WURI

Irin wannan fenti ya fi son zafi tsakanin digiri 15 da 25. A watan Maris da Afrilu zafi ya kan kai 40 a Kano da Sakkwato, sai fenti ya bushe a iska kafin ya sauka, jikin mota ya yi kaushi kamar yashi. Da damina laima ta kan sa shi ya yi hazo-hazo, ƙyallin ya mutu. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Lokacin da ya fi kyau a ƙasarmu shi ne kaka, bayan ruwa ya ɗauke, kafin buji ya taso, watau ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A yi da hantsi bayan raɓa ta bushe, a inuwa mai iska, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Kada a yi a gindin itace, gama ganye da tsuntsaye ba su san sabon fenti ba.

YADDA A KE FESAWA

A zaɓi launi salala, fari ko ruwan madara, su ne masu rufa asiri. Baƙi ba ya yafe kuskure, launi mai ƙyalƙyalin ƙarfe kuma ya kan yi dabbare-dabbare da gwangwani. A sayi gwangwanayen duka rana ɗaya, iri ɗaya, don kada ƙofa ta saɓa da 'yar'uwarta.

A girgiza gwangwani minti biyu cur. A fara koyon hannu a jikin tsohon kwanon rufi. A riƙe shi nesa da mota kamar inci 8 zuwa 12, watau taƙi ɗaya da ɗan ƙari. A danna tun kafin a iso bakin ƙarfen, a ja hannu a miƙe, a saki bayan an wuce, kowane layi ya hau rabin na samansa. Wanda ya matso ƙwarai fenti zai zubo masa kamar hawaye, wanda ya yi nisa zai sami gari. Shafin farko ya zama siriri har ana hangen na ƙasa. A dakata minti 10 zuwa 15, ko abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, kana a ƙara. A gama ɓangare ɗaya kafin a taɓa wani. In ya zubo, kada a sa hannu, a bari ya bushe sarai a goge da samfefa. Bayan mako biyu ko fiye, sai a bi jiki a hankali da lamba 1500 zuwa 2000 da ruwa, a goge da mai, a nan ne ƙyalli ke fitowa.

Sai dai a sani fentin gwangwani na yau da kullum ba ya jimre wa fetur, rana kuma ta fi saurin cinye shi bisa na masana'anta. Mota mai irin wannan fenti tana son rumfa.

RAI YA FI MOTA

Tun bayan yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a Mantiriyal ta Kanada cikin 1987, aka bar irin gas ɗin da ke lalata rufin sararin sama. Wanda a ke sawa yanzu galibi ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta, ya kuma fi iska nauyi, ya kan bi ƙasa har ya iske murhu, ko risho, ko janareta. An rubuta a jikin gwangwani kada zafi ya wuce digiri 50, mota rufaffiya a rana kuwa ta kan wuce haka. Wanda ya ƙare, kada a huda shi, kada a jefa shi a bolar da a ke cinna wa wuta, kada kuma a bar wa yara su yi wasa.

Tsofaffin fentin mota, musamman ja da rawaya, waɗansu akwai dalma a ciki. Mutanen Arewa ba su manta da 2010 ba, sa'ad da ƙurar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a Zamfara. Saboda haka a kankare tsohon fenti da ruwa, a share ƙarfen ya bushe nan da nan, a kwashe dattin, a hana yara da masu juna biyu zuwa wurin, kayan aikin kuma a wanke su dabam.

Akwai wani gwangwani mai maɓalli a gindi, in an danna sai maganin taurara ya gauraya da fenti, tilas kuma a ƙarar da shi cikin kwana biyu. Ya fi ƙarko, fetur ba ya cin sa, amma tururinsa yana jawo ciwon asma wanda ya kan zauna wa mutum muddin rai. Ƙyalle a hanci ba ya tare shi. Masana lafiyar ma'aikata sun fi yarda da takunkumin da a ke turo wa iska mai tsabta ta tiyo, wanda ba shi da wannan gara ya bar wa masu shi. Ko fenti na yau da kullum ma yana bukatar takunkumi mai matatar gawayi.

Daga ƙarshe, takardun mota suna ɗauke da launinta. Wanda ya sake launi sai ya je ofishin lasin a gyara masa, ya kuma sani dokar Nijeriya ta hana farar hula sa wa motarsa koren launi irin na soja.

Shawararmu ga wanda ya ƙudura niyya ita ce ya fara da murfin but kaɗai. Ya kwance shi, ya bi duk matakan nan, ya mayar, ya dube shi da rana tsaka. In ya gamsu, sai ya ci gaba ƙofa-ƙofa, ko da zai kai wata uku. In kuwa ya ga hannunsa bai kai ba, ya yi hasarar gwangwani uku ne kurum. Sai ya yi kankara da shiri da kansa, ya kai wa mai bindigar fenti ya fesa, kuɗin zai ragu, motar kuma ta tsira. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya sa mu dace, amin.